Waƙar da Inna Ke Yi Wa Goro

Rumfar goron da ke bayan tashar jirgi a Agege yanzu ta zama shaguna. A ɗaya ana cajin batir, a na kusa da shi ana sayar da kaset, na ƙarshen kuwa 'yan okada ne ke cika bakinsa suna gardama da ƙarfi kamar kurame. Ta nan nake bi idan na taso daga sallar la'asar. Ni ba mai tsaye-tsaye a hanya ba ne, kuma ban yarda dattijo ya riƙa kallon bango yana girgiza kai ba, amma a wurin nan ƙafata kan rage sauri ba da izinina ba. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Abin da na iya shi ne in faɗi magana bi da bi, abin da ya zo gaba a gaba, wanda ya biyo baya a baya. Haka zan faɗi wannan.

Da muna samari, jirgi ne ke tashe mu. Kafin ka gan shi za ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tabarma, sai jiniya, sai hayaniyar masu dako, sai ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen fita, wanda ake naɗe goro da shi, ya cika unguwa. Goro ba ya son gaggawa, kuma aikinsa yana da tsari wanda ba a tsallakewa. A kwance ɗaurinsa, a zube shi a tabarma. A wanke, a bar shi ya tsane a inuwa. Sannan a zauna zaɓe: fari gefe, ja gefe, manya gefe, ƙanana gefe, wanda kuwa tsutsar da muke kira sankara ta shiga a jefa shi nesa, don idan ya kwana cikin 'yan'uwansa sai ya lalata kwandon duka. Daga nan a shimfiɗa sabon ganye a kwando, a jera goron, a rufe. Mu maza namu ɗauri ne da ɗauka zuwa bakin jirgin da zai yi arewa. Wanki da zaɓe da jeri aikin mata ne, yawanci waɗanda suka manyanta, kuma mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce babbarsu. Daga wani ƙauye na arewa ta biyo mahaifinmu zuwa Ikko, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake ganin ƙauyen ba.

Inna tana da waƙa da take yi wa goro. Ita ta ƙirƙire ta, ba ta gaje ta ba. Kowane mataki na aikin yana da baitinsa, na wanki daban, na zaɓe daban, na rufewa daban. Ita take bayarwa, sauran mata suna amsawa da cewa, "Kai za ka riga ni gida." Mai muryar da ta fi tashi a amshin ita ce Yaya Ladi, wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu, ta girme ni amma ba da yawa ba. Waƙar tana da dokoki biyu. Ba a yin ta sai hannu yana cikin goro, kuma namiji ba ya sa baki. Mu dai muna jin ta ne muna kai da kawowa da kwanduna a kai, kamar yadda ake jin ruwan sama a kan kwano. Ba wanda ke tsayawa ya saurari ruwan sama don ya haddace shi.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani baƙo ya biyo ni. Siriri ne, wankan tarwaɗa, da gashi mai santsi da tabarau da farar riga har gwiwa. Ya ce mini a jami'a yake koyarwa, a can cikin gari, kuma saboda masallaci da nama yake zuwa Agege. Hausarsa a karkace take, amma ana ganewa, a wurin masu gadin jami'ar ya fara tsintar ta. Muna cikin tafiya sai ya ja ya tsaya cak, ya karkata kai. Matan rumfa ne suka koma aiki.

Inna ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce da ni, "Kai, wannan Ba'indiyen me yake nema a nan?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ni ba Ba'indiye ba ne. Ni Bangali ne."

Ta ce, "To, Bangali ko Bangala, matsa mini daga haske."

Tun daga ranar sunansa ya zama Malam Bangali, har yau ban san wani a Agege da ya riƙe sunansa na yanka ba. Da Juma'a ta zagayo sai ga shi da rikoda a rataye. Ya ce in roƙar masa Inna ta zauna a gefe, inda babu hayaniya, ta rera masa waƙar daga farko har ƙarshe. Inna ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ka faɗa wa abokinka ni ba zabiya ba ce. Ba a yin ta da hannu a cinya." Ya ce to yaya za a yi. Ta ce, "Ya cire agogon nan, ya naɗe hannun riga, ya zauna."

Ya kuwa zauna. Malamin jami'a, wanda ɗalibai ke miƙewa idan ya shiga aji, ya tanƙwashe ƙafa a tabarma tsakanin tsofaffin mata yana zaɓen goro, rikodarsa tana juyawa a kan turmi. Bai daɗe ba ya jefa mai sankara cikin masu kyau. Inna ta make masa hannu ba tare da ta katse baitinta ba. Yaya Ladi ta ce, "Malam, idonka huɗu amma ba ka ga ramin tsutsa ba?" Ya ce, "Yaya, biyu na aro ne." Matan suka kwashe da dariya. A haka ya riƙa zuwa har damina ta wuce wata ta shigo. Idan an tashi aiki sai mu zauna a zaurenmu, ya kunna rikodar, ya tsayar, ya tambaye ni ma'anar wata kalma, ya rubuta. Ni kuma ina amsawa ina hamma, hankalina yana wajen jirgin gobe.

A zauren nan ya ba ni labarin kansa, ba a zama ɗaya ba, amma na jera shi. An haife shi a wani ƙauye da koguna suka kewaye, inda yaro ke zuwa makaranta a kwalekwale, kuma abincinsu safe da yamma shinkafa ce da kifi. Ya shiga birni karatu. Yana ɗalibi sai masu mulki suka ce ba da harshensu za a yi aikin hukuma ba, da wani za a yi. Ɗalibai suka fito, aka buɗe musu wuta, kuma yana cikin taron ranar. Daga baya ya fara rubuta labarai da Bangalanci, ya zama malamin jami'a, ya shiga juya littattafan wasu al'ummu zuwa harshensu. Yaƙi ya zo ya wuce, ya bar masa kaburbura, sannan aka ba shi aikin koyarwa a nan na 'yan shekaru. Na tambaye shi wane irin aiki ne wannan na juya magana. Ya ce, "Abokina, ni ɗan bakin kogi ne. Aikina fito ne. In ɗauko magana daga wannan gaɓa in kai ta wancan, in yi ƙoƙari kada ta jiƙe da yawa." Wannan na gane shi. Abin da ban gane ba shi ne a ce mutum ya tsaya gaban bindiga saboda harshe. A lokacin, ko'ina ka juya a Zangon Agege Hausa ce, a masallaci, a tasha, a bakin famfo. Na ɗauka abin da ba ya ƙarewa ne.

Da wa'adinsa ya cika ya zo sallama. Inna ta zaɓa masa farin goro da hannunta, ta naɗe a ganye, ta ce ya riƙa yayyafa masa ruwa a hanya kada ya bushe. Ya tafi. Bayan wasu shekaru Inna ta rasu. Ba ta bar 'ya mace ba, mu duka maza ne. Sai jirgi ya fara jinkiri, yau ya zo gobe bai zo ba, har ciyawa ta rufe layin dogo awaki suna kiwo a kai. Goro ya koma bin tirela. Masu tirela ba sa jira, don haka aka daina zaman zaɓe na nutsuwa, aka ɗauki samari 'yan ci-rani suna yi a tsaye, rediyo yana ihu a gefensu, a zuba a buhu a ɗinke. Matan rumfa suka watse, wannan ta koma sayar da abinci, waccan ta zauna gidan ɗanta. Ba wanda ya hana waƙar. Aikinta ne ya mutu, ita kuma ba ta tsayawa ba shi. 'Ya'yanmu suka tashi da Yarabanci da Turancin titi a baki, jikokinmu kuwa idan ka yi musu doguwar Hausa sai su tsaya suna kallon bakinka. Na yi faɗa, na kafa doka a gidana, ana bin dokar idan ina zaune, ana karya ta da zarar na sa takalmi.

Shekarar da ta biyo bayan sojoji sun miƙa mulki karo na ƙarshe, ina zaune a ƙofar gida da hantsi, sai wata mota ta tsaya. Direban ya leƙo ya ce, "Oga, wannan baban yana neman rumfar Inna." Wani tsoho ya fito a hankali, da sanda, gashinsa fari fat, tabaransa ya yi kaurin gindin kwalba. Ban gane shi ba sai da ya ce, "Abokina, matsa mini daga haske." Ni ba mai rungumar mutane ba ne. Ranar na rungume shi.

Jami'ar da ya koyar a nan ce ta gayyato shi wani taro, tunda an fara buɗe wa baƙi ƙofofin ƙasa. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ido ɗaya ya tafi, ɗayan yana kan hanya. Na faɗa masa rasuwar Inna, ya ɗaga hannu muka yi mata addu'a. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi Agege. Ya juya waƙar Inna zuwa Bangalanci, an buga ta cikin wani littafi nasa, har ana karanta ta a aji. Amma wata shekara ambaliya ta shiga gidansa ta kwana a ciki. Kaset ɗin duka suka lalace, takardun da ya rubuta Hausar a kansu suka zama kunu. Fassarar ta tsira don tana hannun mutane, asalin kuwa ya tafi. Yanzu za a sake buga littafin, kuma yana so kafin idonsa ya rufe ya sa Hausar a shafi ɗaya, Bangalancin a shafin da ke kallonsa.

Ya ce, "Ka rera mini, in rubuta."

Na buɗe baki da tabbacin mutumin da ya ji abu tun yana goye. Karin ya zo, yana nan cikin kaina ba abin da ya taɓa shi. Amshin ya zo. Baitin bai zo ba. Na sake daga farko, na tuna tsarin: na wanki ne farko, sannan na tsanewa, sannan na zaɓe. Na san inda kowanne yake zaune, kamar ɗakunan gidan da na girma a ciki, amma kowane ɗaki na buɗe wayam yake. Ni da nake iya faɗa maka yadda ake ɗaure kwando daga ƙullin farko har na ƙarshe, na kasa kawo layi ɗaya daga bakin uwata.

Muka shiga nema. A lokacin garin ba daɗi, an yi rikici a kasuwa tsakanin mutanenmu da 'yan gari, an rasa rayuka, mutane da yawa sun loda tsofaffinsu da mata da yara a tirela sun tura su arewa. Gidan da muka shiga sai a ce ta rasu, ko a ce an kai ta gida, ba a san halin da take ciki ba. A Iyana Ipaja muka samu wata da ta taɓa aiki a rumfar, ta ce ita ma amshi kawai take yi. Ita ce ta ce mana Yaya Ladi tana raye, tana Ikorodu wurin ɗanta.

Na ce wa Malam ba za mu je hannu sake ba, tunda na san dokar. Na sayi goro garwaye, fari da ja, na tabbata akwai mai sankara a ciki. Ganyen fita ya ba ni wahala, sai a Oyingbo na same shi wurin wata Bayarabiya. Na ɗauki faranti da ƙaramin kwando, muka shiga danfo, motar hayar garin nan. A wani wuri a hanya samarin 'yan gari sun tare titi suna leƙa motoci. Na cire hulata na cusa a aljihu kada a gane Bahaushe ne ni, na sunkuyar da kai. A garin da aka yanke mini cibiya. Malam yana kusa da ni, ya juya fuskarsa wajen taga kamar bai gani ba, kuma na gode masa da wannan.

Ɗan Yaya Ladi ya karɓe mu da mutunci, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce, "Baba, ai tun da ciwon nan ya shanye mata ɓarin jiki ba ta magana. Tana ji, tana ganewa, amma ko ruwa da hannu take nunawa." Na ce ya dai kai mu. Tana jingine da bango a tsakar gida, ta ƙanƙance, bakinta ya karkace. Na durƙusa na ce, "Yaya, ɗan Inna ne. Ga kuma mai ido huɗu na kawo miki." Ta dube shi ta daɗe. Sai ɓarin fuskarta mai rai ya motsa, wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, dariya ce.

Na wanke goron a gabanta, na zuba a faranti, na ajiye kusa da hannunta mai lafiya. Ba wanda ya ce mata komai. Hannun ya miƙe da kansa. Fari gefe, ja gefe, manya gefe. Yatsunta suna juya kowane goro sau ɗaya su san gidansa, kuma tafiyar hannun daidai take da karin waƙar. Na fara gunjin karin a hanci. Leɓenta ya fara rawa. Da aka zo wurin amshi ba mai amsawa, sai na buɗe baki na ce, "Kai za ka riga ni gida." Ban taɓa yi ba a rayuwata. Ta harare ni irin hararar matan rumfa, sannan ta gyaɗa kai, wai in ci gaba.

Malam ya rufe ido ya karanto baitin farko da Bangalanci, daga ka. Sannan ya mayar mana da ma'anarsa da Hausarsa da ta yi tsatsa. Ya ce mace ce take wanke goro tana ce masa, ni da kai duka baƙi ne a nan, amma kai an yi maka izinin tafiya. A baiti na gaba tana ce masa idan jirgi ya wuce inda itatuwa ke gajarta, ya leƙa ya gani ko rijiyar bakin kasuwarsu tana nan. A na zaɓe tana cewa wanda ciwo ya shiga cikinsa ba ya tafiya, nan zai zauna tare da ita. Yaya Ladi tana gyaɗa kai da ƙarfi, hawaye yana bin ɓarin fuskarta. Ma'anar ke nan, ba kuskure. A ranar na fara sanin abin da uwata take faɗa duk shekarun nan, kuma daga bakin mutumin wata ƙasa na ji shi.

Sai na ce bari mu gwada ginawa. Ma'ana tana wurin Malam, kari yana wurina, kalmomin suna cikin kan Yaya. Na riƙa ɗora kalmomi a kan karin ina dubanta. Na ce, "Ni da kai baƙi ne." Ta bugi faranti. Ba haka ba. Na juya shi, na ce, "Baƙo kake, baƙuwa nake." Ta sake bugawa. Na canza, na sake canzawa. Tana buɗe baki, jijiyar wuyanta tana tashi, kalmar tana nan a bayan harshenta, ina ganin ta kusan da idona, amma abin da ke fitowa gurnani ne. Ta bugi farantin har goro ya watse a ƙasa. Malam ya dafa gwiwata ya ce, "Abokina, bari. Muna azabtar da ita."

Na bari. Na tattara goron na mayar. Da numfashinta ya daidaita sai ta ci gaba da aikinta ita kaɗai, ba waƙa. Ta tsinci mai sankarar nan ta jefa shi can bakin rariya. Ta nuna ganye na shimfiɗa mata a kwando, ta jera, ta rufe, sannan ta tura kwandon gaban Malam da bayan hannu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Yaya, zan riƙa yayyafa masa ruwa."

A hanyar dawowa na ce masa, ko in tsara wasu kalmomin da suka dace, tunda ba mai ganewa a can. Ya ce a'a. Ya ce shi ɗan fito ne, ba ya ƙera kaya a tsakiyar kogi ya ce daga gaɓa ya ɗauko su. Zai sa amshin kawai, ya bar sauran shafin fari. Kafin ya tafi ya bar mini tsohon bugun littafin, ya naɗe mini kusurwar shafin da waƙar take. Rubutunsu kamar wanki ne da aka shanya a igiya, layi a sama, baƙaƙen suna reto a ƙasa. Nakan buɗe in duba. Inna tana ciki, ban san ta inda ta fara ba. Yaya Ladi ba ta ga daminar da ta biyo ba. Shi kuma Malam ban sake jin labarinsa ba, ban san ko idon ya jira shi ba.

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida da yamma, na sayo goro kaɗan na ci, sai na ga ina ware shi a cinyata, fari gefe, ja gefe. Ashe ina gunjin karin ban sani ba. Jikata, wadda aka sa wa sunan Inna, ta dawo daga makaranta ta tsaya a kaina. Ta ce, "Baba, wace waƙa ce wannan? Ba na jin ta a kaset."

Na ce, "Ta mai sunanki ce."

Ta ajiye jaka ta tsuguna, ta ce, "Koya mini."

Na ce ta sa hannu a goron tukuna. Ta sa. Na rera mata amshin, ta maimaita, muryarta ta tashi sama tsaf kamar ta Yaya Ladi. Ta sake maimaitawa don ya zauna. Sannan ta ɗago ta dube ni, goro a hannunta, tana jira.

Ta ce, "Sai kuma me, Baba?"